Gurasar Italiya A Murhun Yerimaram

Fataskum gari ne na matafiya. Hanyar da ta taso daga Kano ta Azare, da wadda ta biyo daga Bauci ta Darazo, da ta Gombe, da ta Gashuwa, duk a nan suke haɗuwa kafin a miƙe gabas zuwa Damaturu da Maiduguri. Ran Laraba kuwa, watau ranar kasuwar shanu, wadda ake lasafta ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, sai garin ya cika ya batse da fatake da dillalai da direbobin manyan motoci. Garin da ke saukar baƙi haka ba ya rabuwa da teburin mai shayi, shi kuwa teburin mai shayi ba ya cika sai da burodi. Abin kuma bai tsaya ga baƙi ba. A Yerimaram da Dogo Tebo da Dogo Nini da sauran unguwannin garin, burodi ya riga ya shige cikin gida ya zauna, har ya zama yaran yanzu da yawa ba su yarda an karya kumallo ba in ba su gan shi ba.

Amma duk magidancin da ke fid da kuɗin cefane ya san halin da ake ciki. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai kuɗin fulawa ya tashi. A 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, sai sukari da yis da kuɗin mota duka suka bi sahu. Burodi ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance, har wani in ka matse shi a hannu sai ya koma kamar auduga.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wata irin gurasa ta mutanen Italiya, wadda uwargida za ta iya gasawa a tsakar gidanta, ba tare da inji ko lantarki ba, da lemon tsami da ganyayen ƙamshi irin waɗanda ake samu a kasuwarmu.

MECE CE FOKACA?

Italiyawa suna kiran wannan gurasa fokaca. Sunan ya samo asali ne daga harshen Latin na Rumawan dā, daga kalmar da ke nufin murhu, domin a kan tokar murhu ko a kan dutse mai zafi aka fara gasa ta. Shimfiɗaɗɗiya ce, kaurinta bai cika wuce yatsa biyu ba, an lotsa fuskarta da yatsu ta yi ramuka, mai da gishiri sun kwanta a cikinsu. Bayanta da ƙarƙashinta sukan yi ƙarau, cikinta kuwa laushi da ƙofofi kamar saƙar zuma.

Garin da ya fi shahara da ita shi ne Jenowa, babbar tashar jiragen ruwa ta arewa maso yammacin Italiya. Mutanen can da ita suke karya kumallo, wasu ma har tsoma ta suke yi cikin gahawa da madara, kamar dai yadda muke yi da burodi da shayi. A garin Bari, can kudu, sukan jera mata tumatir da 'ya'yan zaitun. A wasu wuraren albasa ake yanka mata, a wasu kuwa wani ganye mai ƙamshi da ake kira rozmari. Kowane yanki dai abin da ƙasarsa ta ba shi, shi yake ɗora mata. Lalle wannan shi ne abin lura, domin ya nuna ba a wajabta wa kowa sai ya sayo kayan waje kafin ya yi ta ba.

BA BAƘUWA BA CE

Bahaushen da ya ga fokaca zai ce ai wannan gurasa ce, kuma bai yi kuskure ba. Kalmomin da muke amfani da su ma sun isa shaida cewa irin wannan gashi ya daɗe da ƙetaro Sahara. Alkama, da gurasa, da alkubus, da tanderu, duka daga Larabci muka aro su. A birnin Kano, fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus sun zauna a unguwar Dandalin Turawa tun kafin zuwan Nasara, zamanin da in an ce Bature to Balarabe ake nufi. Har yau kuma matan Jakara da kewayenta su ne gwanayen gurasa. Sukan manna kwaɓin a jikin tanderu mai zafi su kwashe, a kai kasuwa a ci da tsire ko balangu, ko a yi bandashe da garin ƙuliƙuli da man gyaɗa da albasa.

A ƙasar Barno ma alkama ba baƙuwa ba ce. Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarimu, ya iso Kukawa a 1851, ya kuma tarar ana sayar da ita a kasuwa, amma da tsada fiye da gero da dawa nesa ba kusa ba. Shi a ganinsa tare da albasa ta shigo ta hannun Larabawa, shekaru aru-aru kafin zuwansa. Manoman fadamun Kogin Yobe, wajen su Gashuwa da Gaidam, sun daɗe suna shuka ta da hunturu ta hanyar ban-ruwa.

Shi kansa lemo haka labarinsa yake. A shekarar 827 ta Miladiyya rundunar Musulmi ta tashi daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ta haye teku zuwa tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. Jagoranta shi ne Alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina. Birnin Palermo ya shigo hannunsu a 831, mulkin Musulmi kuwa bai ƙare a tsibirin ba sai 1091. A cikin wannan zamani ne aka yaɗa noman lemo da dabarun ban-ruwa a Sisili, wadda har gobe ita ce kan gaba wajen noman lemon tsami a Italiya. Sunan da Italiyawa ke kiransa da shi, da namu sunan na lemo, duka tushensu ɗaya ne, watau laimun na Larabci. Ashe ke nan gurasar Italiya mai lemo da gurasar Jakara 'yan ɗaki ɗaya ne, teku da hamada ne kurum suka raba su.

TARKON ALKAMA

To, in haka ne, me ya sa muka bar gurasa muka rungumi burodin gwangwani? Burodin nan mai tudu ya yaɗu ne zamanin Turawa, ya daɗa ƙarfi bayan da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar waje a Apapa ta Ikko a 1962. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai gidajen burodi suka bazu har ƙauyuka. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi don a noma alkamar a gida: aka yi aikin ban-ruwa na Kadawa da ruwan madatsar Tiga, aka gina madatsar Bakolori a 1978, wadda ma wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina, aka kuma buɗe babban aikin nan na kudancin Tafkin Cadi a Marte, wanda fari ya janye masa ruwa ya bar magudanansa a bushe.

A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa littafi a kan wannan al'amari, suka ba shi suna da ke nufin tarkon alkama. Abin da suka nuna shi ne, ƙasa ta saba da cin abin da ba ta iya nomawa isasshe, kuma fita daga wannan hali ya fi shiga wuya. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, amma ba a je ko'ina ba aka ɗage hanin a 1992. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan noman 2021 ya nuna abin da aka girbe a duk faɗin ƙasar nan bai kai tan 40,000 ba, alhali abin da ake shigowa da shi kowace shekara ya haura tan miliyan 4. Dalili kuwa shi ne alkama tsiron sanyi ce. Hunturunmu gajere ne, in aka makara shuka ta wuce Disamba, sai zafin Maris ya riske ta tun ba ta cika ido ba.

A nan ne amfanin shimfiɗaɗɗiyar gurasa yake. A cikin alkama akwai wani danƙo wanda shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura. Burodin gwangwani, da yake ana son ya yi tudu, dole sai da fulawa mai danƙo ƙwarai. Neman wannan tudun ne ma ya sa wasu masu gashi marasa tsoron Allah ke sa wani sinadari da ake kira buromet, wanda Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramtawa saboda illarsa ga lafiya. Ita kuwa gurasa ba ta neman tudu. Saboda haka tana karɓar alkamar gida wadda aka kai inji aka niƙa, tana kuma yarda a surka mata garin dawa ko na gero, waɗanda ba su da wannan danƙo. Ba mu ce wannan zai raba mu da fulawar kanti gaba ɗaya ba, amma duk gwangwani ɗaya da dawar Yobe ta maye, kuɗinsa aljihun manominmu ya shiga.

KAYAN HAƊI

Ga abin da ake bukata don faranti ɗaya babba, wanda zai ba da yanka goma sha biyu. Awon duka da ƙaramin gwangwanin madara ne, wanda babu gidan da ba shi da shi.

Fulawa gwangwani 6, watau wajen rabin kilo. Wadda ta so, ta sa fulawa 5 da garin farar dawa ko gero 1, amma kada surkin ya wuce haka a karon farko. Ruwa mai ɗumi gwangwani 2 da rabi. Yis cokalin shayi 2. Gishiri cokalin shayi 2. Sukari cokalin shayi 1. Mai babban cokali 6. Lemon tsami 2, da lemon zaƙi 1 in akwai hali. Sai albasa ɗaya, da tafarnuwa kaɗan, da ganyen ƙamshi.

Italiyawa da man zaitun suke yi, amma a nan tsadarsa ta sa ya zama kusan magani. Man gyaɗa mai kyau ya wadatar, haka ma man riɗi, wanda Jihar Yobe ke cikin masu noma shi da yawa. Maimakon rozmari kuwa ga na'a-na'a, ga ɗoɗɗoya, ga lawashin albasa, ga busasshen tayim na ƙulli da ake sa wa miya. Riɗi da habbatus sauda su ma suna da kyau in an barbaɗa a sama.

YADDA AKE KWAƁI

Da fari a zuba yis da sukari cikin ruwan ɗumin, a bar shi minti goma. Ɗumin kada ya wuce wanda za a yi wa jariri wanka da shi, domin ruwan zafi kashe yis yake yi. In ya yi kumfa to yana da rai, in kuwa ya kwanta shiru sai a sake wani, kada a yi asarar fulawa.

A wanke lemon tsami sosai, a kankare koren ɓawonsa da abin goga kuɓewa. Koren kaɗai ake so, domin nan ƙamshin yake, farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci ne zalla. A tankaɗe gari a roba mai faɗi, a zuba gishiri da ɓawon lemon da mai cokali 2, sa'an nan a juye ruwan yis a gauraya da muciya har busasshen gari ya ɓace. Kwaɓin zai yi ruwa-ruwa yana kama hannu, ya fi na fanke tauri, bai kai na cincin ba. Kada a ji tsoro a ƙara gari, wannan ruwan shi ne asirin laushin. In da alkamar gida aka yi, mai dusa, sai ma a ƙara ruwa kaɗan, don ta fi sha.

Ba a bukatar murza ko bugu. A rufe a bari minti ashirin, sai a jiƙa hannu da ruwa, a kamo gefen kwaɓin a ja shi sama a naɗe shi kan sauran, a juya robar a yi haka ta kusurwa huɗu. A sake rufewa, bayan minti ashirin a maimaita, har sau uku. Wannan naɗin shi ke ƙarfafa danƙon. Daga nan sai a bar shi ya tashi har ya ninka. Da bazara, irin zafin Fataskum na watan Afrilu, awa ɗaya ta isa, kuma a ajiye shi a inuwa don kada ya zarce ya yi tsami. Da hunturu yakan kai awa biyu ko fiye, sai a kai shi kusa da murhu.

In ya tashi, a shafe farantin ƙarfe da mai cokali 2, a juye kwaɓin a hankali, a baza shi da tafin hannu, a bar shi ya huta rabin awa. Sa'an nan a shafa mai a yatsu, a dinga lotsa shi har yatsa ya taɓa faranti, ko'ina ya yi ramuka. A kaɗa ruwa cokali 3 da sauran man da ɗan gishiri, a kwarara a kai ya shiga ramukan. Wannan dabarar mutanen Jenowa ce, ita ke sa cikin ramin ya zauna da laushi alhali tudun ya soyu.

LEMO DA GANYE

A nan ne ake bukatar lura. Lemon Italiya babba ne, rawaya, ana iya yanka shi siriri a jera a kai a gasa. Namu lemon tsamin ƙarami ne, kuma in ya sha wuta da ɓawonsa ɗacinsa yakan fito. Saboda haka shi a tsaya ga ɓawon da aka kankare, ruwansa kuma a ajiye sai an sauke gurasa a ɗiga kaɗan a kai. Kada a matsa shi da yawa cikin kwaɓi, domin tsami mai yawa yakan danne yis. In ana son ado, lemon zaƙi irin wanda motoci ke kawowa daga Binuwai shi za a yanka siriri kamar takarda, a cire 'ya'yan, a shafa masa mai a jera.

Albasa da tafarnuwa da tayim a cuɗe su da mai kafin a barbaɗa, a kuma danna su cikin ramukan don kada su ƙone. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa ganyensu ba ya jure wuta. Ko dai a yanka su a sa cikin kwaɓin tun farko, ko a bari sai an sauke a watsa su ɗanye.

GASHI BA TARE DA OBIN BA

Mai obin na gas ko na lantarki sai ta ɗumama shi ya kai awo 220, ta gasa minti 20 zuwa 25. Amma galibin gidajen Yerimaram, da ma na sauran garuruwanmu, murhu da gawayi ne abin dogaro, kuma sun isa.

A samo babbar tukunya mai murfi irin ta biki, a zuba busasshen yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, a rufe a ɗora a wuta minti goma sha biyar. A jera busassun duwatsu uku a kan yashin, a ɗora farantin a kansu yadda ba zai taɓa yashi ba. A rufe, a kwaso garwashi a zuba a kan murfin. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, in ba haka ba ƙasa zai ƙone fuska na fara. Don a gane ko zafi ya yi, a barbaɗa ɗan gari a murfin gwangwani a sa ciki: in ya yi ja cikin minti ɗaya, to ya yi. Kada a buɗe tukunyar sai an yi minti goma sha biyar. Cikin rabin awa za a ga fuskar ta yi ja kamar ƙosai, in kuma an ƙwanƙwasa ƙarƙashinta sai ta yi amo kamar ganga. A cire ta daga faranti nan da nan, a ɗora kan rariya ko faifai ta sha iska, don kada gumi ya jiƙa ta.

Gargaɗi ɗaya: ko da ana sanyi, a yi wannan gashi a fili. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda ke kisa a rufaffen ɗaki.

ABIN DA ZA A SAMU

Ana cin ta da shayi, ko da miyar taushe, ko farfesu, ko a tsaga ta a cusa tsire. Tun da ba a sa mata maganin hana lalacewa ba, kwana ɗaya zuwa biyu take yi. Wadda ta kwana ta bushe kuwa ba a zubarwa, a yayyafa mata ruwa a ɗumama, ko a mai da ita bandashe.

Bayan ciyar da iyali, akwai kuma hanyar sana'a. Matan Jakara sun riƙe gidaje da aurar da 'ya'ya da kuɗin gurasa ba tare da sun fita ko ƙofar gida ba. Garin da ke da masu shayi da masu tsire kamar Fataskum ba zai rasa masu saye ba. Shawararmu ga wadda za ta gwada ita ce ta fara da faranti ɗaya, ta rubuta kuɗin gari da mai da yis da gawayi, ta raba shi gida goma sha biyu, ta gwada da kuɗin burodin da maigida ke sayowa. Lissafin da ta yi da hannunta ya fi duk wanda za mu yi mata a jarida, gani ya kori ji.

Muna kuma kira ga Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, wadda aka ɗora wa alhakin inganta irin alkama da gero, da ma'aikatun gona da na mata na jihohinmu, su haɗa kai a koya wa mata gashin gurasa da garin gida a cibiyoyin koyon sana'a. Manomin alkama na Gashuwa ba zai faɗaɗa gonarsa ba sai ya ga mai saye kusa da shi, mai sayen nan kuwa tana iya kasancewa wata uwargida ce a Yerimaram da tukunyarta da yashinta. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba mu damina mai albarka da hunturu mai amfani, ya kuma sa wa abincinmu albarka, amin.